Da Wace Tiya Za Mu Auna Makarantar Unguwa?

 

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, ana cikin girbin gero, makarantun gwamnati suka buɗe, akwai maganar da ke zagaya majalisu, daga ƙofar masallaci zuwa gidan suna, daga rumfar mai shayi zuwa bakin rijiya. Wannan ya ce: lakwal ta unguwarmu ta mutu, kai yaro can asarar shekaru ce. Wancan ya ce: ai ta hayin kasuwa ita ce makaranta, bara duk ƴaranta sun ci. A cikin numfashi ɗaya ake yanke wa makaranta hukunci, a wuce zuwa zancen kuɗin taki. Mai maganar ba ya jin ya ɗauki wani nauyi. Alhali da wannan magana wani uba zai cire ɗansa, wani zai hana ɗiyarsa shiga, wani malami zai wayi gari ana nuna shi da baki a kasuwa. Wanda ya ce makaranta kaza mai kyau ce ko mummuna ce, shaida ya bayar, ko ya sani ko bai sani ba. Ita kuwa shaida tana da sharuɗɗa, kuma na farkonsu shi ne mutum ya ga abin da yake faɗa.

Malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, sun daɗe da fuskantar irin wannan matsala, domin aikinsu kullum auna mutane ne: wane abin dogaro ne, wane ba a karɓar ruwayarsa. Ƙa'idar da mafi yawansu suka tsaya a kanta ita ce ba a karɓar suka sai mai sukan ya bayyana dalilinsa. Abin da ya kai su ga haka shi ne sun lura mutane na sukan juna da abin da ba aibi ba ne. An ruwaito cewa an tambayi wani babban malami dalilin da ya sa ya bar ruwayar wani mutum, sai ya ce ya gan shi yana sukuwa a kan doki. To, ina ruwan sukuwa da riƙon hadisi? Irin wannan suka ita ce mafi yawan abin da muke yi wa makarantunmu. Ka tambayi mai cewa lakwal ta mutu, me ka gani? Zai ce maka gininta ya tsufa, ko darektan ba ya gaida mutane, ko malaman duk mata ne, ko kuwa haka kowa ke faɗa. Mai yabo ma bai fi shi hujja ba: an shafa sabon fenti, an sa ƙofar ƙarfe, yara na fita cikin layi. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, amma shi ganin ma sai an san inda za a kalla.

Kowa a cikinmu ya san tiya. Ya san kuma akwai ma'auna a kasuwa da ke da tiya biyu, wadda aka bubbuga gindinta ta faɗaɗa don saye, da wadda aka matse don sayarwa. Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma malamai ba su taƙaita gargaɗinta ga hatsi ba. Abin tambaya a nan shi ne: wace tiya ce ta gaskiya idan abin aunawa makaranta ce?

Tiyar da aka fi ɗauka ita ce sakamakon jarrabawar ƙarshe. An yi kimanin shekara goma ba a yin jarrabawar sartifika a ƙasar nan, sannan aka maido ta a 2024, kuma tun da ta dawo aka koma tambayar da aka saba: yara nawa suka ci? Tambaya ce mai amfani, ba na raina ta. Amma ka dubi wannan misali, ya ɗan'uwa. A ce yara 90 suka shiga aji na farko, wato CI. Shekara shida bayan haka 30 ne suka kai CM2, 27 daga cikinsu suka ci jarrabawa. Za a buga ganga a ce makaranta ta ci kashi 90 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, shaidar ƙarya ce. Ina yara 60 da suka zube a hanya? Wasu sun maimaita aji har suka gaji, wasu an tura su kiwo, wasu an aurar, wasu kuwa an ba su shawara a hankali su zauna gida don kada su ɓata wa makaranta lissafi. Idan aka auna daga ranar shiga, 27 cikin 90 ne, wato kashi 30. Makarantar da ta riƙe raunanan ƴaranta har ƙarshe, ta kai su ɗakin jarrabawa, rabinsu suka faɗi, tana iya fin waccan amana nesa ba kusa ba, ga shi kuwa ita ce za a zaga a majalisa.

Akwai kuma wata ɓoyayyar tauyewa. Yaron da ubansa ma'aikaci ne, akwai lantarki a gidansu, akwai mai zuwa ya yi masa bita da maraice ana biyansa, yaron nan zai iya karatu ko da a gindin bishiya aka ajiye shi. Idan ya zo na ɗaya, wa za a yaba? Manomi ba ya yarda a gwada damman gonarsa ta jigawa da na mai fadama a ce ya fi shi ragwanci. Zai ce a fara duba ƙasar. Haka makaranta. Abin da ya kamata a jingina mata shi ne abin da ta ƙara wa yaro a kan abin da ya zo da shi daga gida. Saboda haka ni a wurina mizanin gaskiya yana can bencin baya, wurin yaron da babu mai karatu a gidansu, babu fitila, babu littafi, wanda bai taɓa jin Faransanci ba sai ranar da aka rubuta sunansa. Duk abin da yaron nan ya iya, makaranta ce ta ba shi. Duk abin da bai iya ba bayan shekara uku ko huɗu yana zuwa, a nan ne za a nemi bayani. Wanda yake son ya san makarantar unguwarsu, ya bar na ɗaya da na biyu, ya nemi ɗan maƙwabcinsa mai turin ruwa da ke CE2, ya miƙa masa takarda.

Wannan mizani ba baƙo ba ne gare mu. A tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bayan yaƙin Badar, waɗanda suka iya rubutu daga cikin fursunonin Makka da ba su da dukiyar fansa an sa kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu, wannan ya zama fansarsa. Abin lura biyu ne. Malaman nan ba Musulmi ba ne a lokacin, kuma hakan bai hana a ba su yara ba, domin abin da ake nema a wurinsu sananne ne, mai iyaka. Sannan abin da ke sakin malami shi ne hannun yaro ya iya rubutu. Yawan kwanakin da ya zauna da su ba shi ne sharaɗi ba. A makarantar allo ma, duk da aibobinta da muka sani, akwai ƙa'ida guda mai daraja: ba a wanke allo sai yaro ya biya. Ba ya barin babbaƙu ya shiga farfaru don shekara ta zagayo. A lakwal kuwa shekara ce ke tura yaro gaba, ya bar CP bai haɗa baƙi da wasali ba, ya shiga CE1 ana ba shi darasin nahawu, daga nan kuma ya zama baƙo a ajinsa har ranar da zai daina zuwa.

Kada a ɗauka wannan zato ne na masu ƙin boko. Akwai binciken da ake kira PASEC, wanda majalisar ministocin ilimi na ƙasashe masu aiki da Faransanci ke gudanarwa, ana gwada yara kai tsaye. A na 2014, cikin ƙasashe goma da aka gwada, Nijar ce ta zo ƙarshe, kuma ƙasa da yaro ɗaya cikin goma na masu gama firamare ne ya kai matakin da ake bukata a karatu. A na 2019 abin ya ɗaga, ya kai kimanin uku cikin goma. Ci gaba ne na gaskiya, ya kamata a faɗe shi, domin mai adalci ba ya ɓoye alherin wanda yake suka. Amma ma'anarsa ita ce a shekarar nan yara bakwai cikin goma sun kai ajin ƙarshe ba su iya karanta shafi su gane shi yadda ya kamata ba. Wannan lissafin ƙasa ne gaba ɗaya. Bai gaya maka halin makarantar da ke bayan gidanka ba. Tana iya fin haka, tana iya kasawa. Amfaninsa gare ka shi ne ya hana ka sakin jiki don kawai ka ga yaronka na fita da safe da jaka a kafaɗa.

Na san abin da da yawa daga cikin iyaye za su ce: Malam, ni ban shiga lakwal ba, ta yaya zan auna abin da ban sani ba? Wannan uzuri ya fi ƙarfi a baki bisa ga yadda yake a zahiri. Wanda bai iya saƙa ba ya san zane mai kyau idan ya ja shi. Kai da ba ka jin Faransanci kana iya ƙirga kwanaki. Ka sa tsakuwa a gwangwani duk ranar da yaro ya dawo da hantsi ya ce mushe bai zo ba, ko ana yajin aiki, ko an tafi karɓar albashi a birni; ƙarshen wata ka zube ka ƙirga. Kana iya buɗe kayensa ka duba ko akwai jan biro na malami, ka ga ko shafukan na ƙaruwa ko kuwa tun watan jiya a wuri ɗaya suke. Kana iya aikensa da jaka guda ya sayo abu na dala saba'in ya gaya maka canjin kafin ya tafi. Kana iya ba shi abin da ba daga littafinsa ba, kwalin magani ko saƙon da ya shigo wayarka, ka ce ya karanta, sannan ka yi masa tambayar da ta fi kowace muhimmanci: to, me aka ce, gaya mini da Hausa. A nan ake rabuwa. Yaro da yawa zai rera maka shafi guda da murya mai daɗi, ka rufe littafin ma ya ci gaba, amma ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya tsaya cik. Ya haddace ne, bai karanta ba. Mu ma masu zaure kada mu yi dariya, wannan ciwo muna da shi a gida: almajiri nawa ne ke zuba nassi kamar ruwa, a tambaye shi ma'ana ya sunkuyar da kai?

Maganar harshe kuwa tana nan a ƙarƙashin wannan duka. Yaro ɗan shekara bakwai ana ɗora masa kaya biyu a rana ɗaya, koyon karatu da koyon harshen da ake karatun da shi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara koyar da yara da Hausa, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a koyarwa. A 2025 kundin da aka kafa na sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Abin da ke rubuce a Yamai dabam, abin da ke faruwa a aji dabam. Mai auna makaranta ya tambaya ko malamin CI yana tsayawa ya fassara wa yara abin da ya faɗa, ko kuwa yana bugunsu don sun yi harshen uwarsu.

Yanzu mu zo wurin da maganar take da nauyi a zuciya. A ce ka duba, ka ƙirga, ka tabbatar cewa ajin ɗanka ba a koyon kome. Malamin kuwa ka san shi. Saurayi ne ko yarinya, ɗan kontaragi, an turo shi daga wani gari, yana kwana a ɗakin aro, abin da ake ba shi bai kai shi ƙarshen wata, wani lokaci ma ya yi jinkiri. A gabansa yara tamanin ko fiye, littafin karatu ɗaya na mutum huɗu. Idan ya ba kowane yaro damar karatu a cikin awa guda, ko minti ɗaya ba zai samu ba. Shi kansa wataƙila irin wannan makaranta ce ta yaye shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasar nan ta koma ɗaukar malamai masu arha don ta buɗe azuzuwa da yawa, aka sami yawan, aka biya da inganci. Da gwamnati ta yi wa malaman kontaragi na firamare jarrabawa a 2017, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. To, mutumin da ke cikin wannan hali, ka tashi ka ce aikinsa bai yi ba? Ashe ba zalunci ba ne a kan wanda aka riga aka zalunta? Ashe ba giba ba ce? Mutanen kirki da yawa a nan suke yin shiru, suna ganin shirun nasu tausayi ne.

Ina ganin a nan an haɗa abu biyu da fiƙihu ya raba. Matafiyi da majinyaci sun sha azumi, babu zunubi a kansu, amma ramuwa tana nan. Uzuri yana ɗauke laifi daga kan mutum, ba ya mai da abin da ba a yi ba ya zama an yi. Malamin nan yana iya zama ba shi da laifi ko kaɗan a wurin Allah, yana iya ma zama mai lada a kan haƙurinsa, amma yaron bai iya karatu ba, kuma wannan gaskiya ce da tausayi ba ya gogewa. Hukunci a kan aiki dabam, hukunci a kan mutum dabam. Na farko wajibi ne a kanka, domin kana da abin gani da ƙirgawa. Na biyu ka yi taka-tsantsan da shi matuƙa, domin ba ka san abin da ya sani ba. Sannan ka tuna akwai mutum na uku a cikin shari'ar nan wanda ba ya magana. Malami yana da ƙungiyarsa, gwamnati tana da rediyonta, uba yana da majalisarsa. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da kowa, bai ma san ana cutarsa ba. Albashin da aka riƙe ana iya biya daga baya. Shekarun da ƙwaƙwalwar yaro take ɗanya, idan suka wuce, babu baitulmalin da ke maido su. Shirun da ake kira tausayi, idan aka duba da kyau, tausayin babba ne da aka biya da haƙƙin ƙarami.

Game da giba kuwa, malamai irin su Imam Nawawi sun lissafa wuraren da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai kai ƙara ga mai ikon gyarawa da ba da shawara ga wanda ya nema. Sharaɗin shi ne a tsaya iyakar bukata. Uban da ya tambaye ka ko ya kai ɗansa makaranta kaza, ka gaya masa abin da ka gani: a watan jiya kwana kaza ba a yi karatu ba, na gwada yara uku na CE2, ɗaya ne ya karanta. Wannan nasiha ce. Amma ka zauna a majalisa kana kwaikwayon tafiyar malama, kana zancen aurenta da bashin da ake bin darekta, wannan cin nama ne, kuma ko harafi ɗaya bai ƙara wa yaro ba.

Akwai abin da ba ya shiga takardar sakamako, kuma bai kamata ya fita daga tiya ba. Na farkonsa rai. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin ashirin suka rasu, mafi yawansu ƙanana. A watan Nuwamba na shekarar nan irinta ta faru a Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne ga iyayensu. Na faɗa a baya cewa fenti da ƙofar ƙarfe ba su ne makaranta ba, kuma ina nan a kan haka. Rumfar kara da malamin kirki ta fi bene da babu kowa a ciki. Amma idan rumfa ce, a duba ƙofa nawa gare ta, ina masu tuya suke hura wuta, ko rumfunan a manne suke da juna. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye hankali a jerin abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. Haka nan ruwan sha da makewayi. Makarantar da ba ta da makewayi mai ƙofa ta riga ta sallami ƴan matanta manya ba tare da ta rubuta takarda ba.

Sai tarbiyya, wadda kowa ke ambata amma kaɗan ke faɗin abin da suke nufi. Wasu idan suka ce boko na ɓata tarbiyya, wando da aski suke nufi. Ni abin da nake tsoro ya fi wannan zurfi. Ibn Haldun ya yi babi a Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, ya bayyana cewa yaron da aka rena da duka da tsoro yakan koyi ƙarya da yaudara don ya tsira, har su zama masa hali. Tun kafin shi, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, daga manyan malaman mazhabarmu ta Malikiyya, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, inda ya wajabta daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya iyakance duka, ya hana malami aiken yara bukatunsa. Fiye da shekara dubu ke nan. Da wannan za ka auna: shin yaran aji suna ɗebo wa malami ruwa da itace a lokacin darasi? Shin ɗan mai unguwa da ɗan mai wanki bulala ɗaya ake musu a kan laifi ɗaya? Shin ana rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa don makaranta ta fita kunya? Yaron da ya ga babba ya yi haka ya koyi darasin da zai bi shi har ofis, har kasuwa, ko da an buɗe kowace safiya da addu'a. Kuma wannan tiya ita ce za a auna madarisa da ita, da makarantar kuɗi, da zauren malam. Tun da aka buɗe madarisa ta farko a Sayi a 1957 makarantun Faransanci da Larabci suka yawaita, a cikinsu akwai nagari akwai na banza. Sunan Larabci a bakin ƙofa bai zama hujja ba. Wanda ya tsananta wa lakwal ya sassauta wa tasa, shi ne mai tiya biyun nan.

Akwai kuma wata matsala da alƙalai suka sani: ba a karɓar shaidar mutum a shari'ar da yake da hannu a ciki sai an yi hattara. Mu iyaye muna da hannu. Makaranta ta buɗe a Oktoba, yaro bai zo ba sai an gama ɗaurin gero da roron wake. Ranar kasuwa aji ya zama rabi. Yarinya ta zo da hantsi bayan ta gama tallan koko, ta zauna tana gyangyaɗi. Damina ta faɗi da wuri, an kwashe yara zuwa shuka kafin a rufe. Talauci ne, na sani, kuma ƙa'idar da na faɗa a kan malami ita ce a kan uba: uzuri ya ɗauke laifi, bai cike gurbin kwanakin ba. Saboda haka gwangwanin tsakuwar nan biyu ya kamata ya zama, ɗaya na ranakun da malami bai zo ba, ɗaya na ranakun da kai ka hana yaro zuwa. Laifi tudu ne. Kafin ka je wurin darekta ka zube su duka biyu.

Wanda Allah ya hore masa, idan ya auna ya ga makarantar unguwa ba ta yi ba, yakan ɗauke ɗansa ya kai ta kuɗi. Ba na ganin laifinsa. Ɗansa amana ne a wuyansa, kuma ba a ce ya sadaukar da shi don gyaran jama'a ba. Amma a lura da abin da ke biyo baya. Ma'aikaci ya cire nasa, ɗan kasuwa ya cire nasa, liman ya cire nasa, wani lokaci har malamin makarantar ya cire nasa. Wa ya rage? Ƴaƴan waɗanda ba su iya karanta takardar sakamako, ba su san ƙofar ofishin mai duba makarantu ba, suna jin nauyin yi wa mushe tambaya. Makaranta ta rasa shaidunta masu ido. Daga nan lalacewarta ba ta da mai faɗa, sai dai mai zagi daga nesa. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga miƙa tuwo ta kan katanga ba. Ɗan maƙwabcinka da ke can, gobe shi ne zai yi maka allura a likita, ko ya tsare ka a hanya da bindiga a kafaɗa, ko ya nemi ɗiyarka.

Hanyar kuwa a buɗe take. Tun 2004 aka fara gwada kwamitocin kula da makarantu a jihar Tawa, waɗanda aka sani da COGES, daga baya aka yaɗa su ƙasa duka, aka sake musu suna CGDES. Jama'ar gari ne ke zaɓen membobinsu, kuma taronsu na kowa ne, har wanda ba shi da yaro a makarantar. A wurare da yawa sun koma kwamitin tara kuɗin zana da alli, domin ba a kawo musu wata magana sai wannan. Wanda ya ƙirga kwanaki, ya gwada yara, ya fara samun malamin shi kaɗai, cikin mutunci, ya ji ta bakinsa. Sau da yawa zai ji abin da bai sani ba, kamar littattafan da ke kulle a kabad ɗin darekta don tsoron kada su yage. Idan abin bai gyaru ba ya je wurin darekta. Idan bai gyaru ba ya tashi a taron kwamiti ya faɗi ranaku da adadi, ba tare da ya kama sunan yaron kowa ba, ya nemi a sa a cikin shirin shekara cewa kowane wata uku za a zauna da yaran CP da CE1 ɗaya bayan ɗaya a ji karatunsu, a ware waɗanda suka makara a yi musu bita da maraice. A kowace unguwa akwai ɗalibin kolej ko tsohon ma'aikaci da zai iya wannan bita, kuma zauren masallaci a buɗe yake tsakanin la'asar da magariba.